Tsakanin Suna da Aljihu: Ma'aunin Zaɓar wa Ɗa Jami'a a Birnin Kano

A kowace shekara, tun daga lokacin da hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta ƙasa, wato JAMB, ta buɗe rajista har zuwa fitowar sakamako, gidaje masu yawa a cikin birnin Kano, daga Yakasai da Mandawari zuwa Madabo da Ƙoƙi da gindin Dala, sukan shiga wata shawara mai nauyi wadda tasirinta kan daɗe a kan ɗa da kuma gidan da ya fito. Shawarar ita ce ta inda za a kai yaro ko yarinya karatu bayan sakandare, kuma galibi takan rataya a kan abubuwa biyu: sunan da makaranta ta yi a bakin jama'a, da kuɗin da za ta ci kafin a karɓo takardar shaida. Uba yana son ɗansa ya fito daga wurin da ake girmamawa, domin yana ganin sunan zai buɗe masa ƙofar aiki, ya kuma ƙara wa gidan daraja. Amma uban nan dai shi ne zai ciyar da iyali, ya biya kuɗin makarantar ƙanne, ya tsare jarinsa a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ko Ƙofar Wambai, ko kuwa ya jira albashin ƙarshen wata wanda tsadar kaya ta riga ta rage masa auki.

Suna da tsada dukkansu abubuwa ne da ake iya aunawa, kuma yawancin nadamar da iyaye kan yi tana zuwa ne daga auna su da ma'aunin da bai dace ba, wato a auna suna da abin da aka ji a majalisa ko a gidan biki, a kuma auna tsada da kuɗin rajistar shekarar farko kaɗai. Makarantar da ta dace da yaro ita ce wadda fannin da zai karanta a cikinta yake da inganci da amincewar hukuma, wadda kuma gidansu zai iya ɗaukar nauyinta har zuwa ranar kammalawa ba tare da ya durƙushe ba.

Inda suna yake samo asali

Kano ta daɗe da sanin darajar suna a sha'anin ilimi, tun kafin zuwan karatun boko da ɗaruruwan shekaru. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, babban malamin nan Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili ya zauna a birnin, kuma unguwanni irin su Madabo sun shahara da zaurukan malamai waɗanda ɗalibai suke tasowa daga nesa domin ɗaukar karatu a gabansu. Abin lura a wannan tsari shi ne yadda ɗalibi yake zaɓen wurin karatu. Yakan tambayi wane ne malamin, a wurin wa ya yi karatu, kuma a wane fanni ya yi fice, har ta kai mutum ɗaya yana ɗaukar fiƙihu a wannan zaure da safe, ya tafi wancan da yamma domin nahawu ko tafsiri. Idan ya sauke littafi, malamin yakan ba shi ijaza, wato izinin karantar da abin da ya koya, tare da jerin malaman da ilimin ya biyo ta hannunsu. Ashe ke nan suna a wancan tsari yana manne ne da malami da fanninsa, kuma kowa yana iya tabbatar da shi ta hanyar duban ɗaliban da suka fito.

Da boko ya zo, daga makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, sai suna ya fara komawa kan makaranta ɗungurungum. Tarihin Jami'ar Bayero ya nuna yadda irin wannan suna yake ginuwa a hankali. A 1934, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a cikin birni, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A cikin harabarta ne aka fara Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda aka mayar Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya bayan kafa wannan jami'a a 1962, kafin ta tsaya da ƙafarta a matsayin cikakkiyar jami'a a 1977. Girman da take da shi a idon Kanawa a yau ya taru ne daga alƙalai da lauyoyi da malamai da 'yan jarida da likitoci da ma'aikatan gwamnati da ta yaye cikin fiye da shekara sittin.

Sai dai wannan tarihi yana ɗauke da gargaɗi. Tun da suna tarin aikin baya ne, yakan yi jinkirin bayyana halin da ake ciki a yanzu, ta yadda tsohuwar makaranta za ta iya ci gaba da cin sunanta alhali wani sashe nata ya yi rauni saboda ritaya ko ficewar malamai, sabuwar makaranta kuma za ta iya mallakar sashe mai ƙarfi wanda jama'a ba su riga sun san da shi ba. Hikimar mutanen zaure, ta tambayar malami da fanni, ita ce har gobe ta fi dacewa da mai zaɓen jami'a.

Zaɓin da ke gaban iyaye

Iyaye a birnin Kano suna da zaɓi a yau fiye da kowane lokaci a baya. A ɓangaren gwamnatin tarayya akwai Jami'ar Bayero, wadda tsohon matsuguninta yake daura da ganuwa ta wajen Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga, sabon kuma yake kan hanyar Gwarzo, tana kuma horar da likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A ɓangaren jiha akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, da Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012, wadda ta fara karatu a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa, aka sauya mata suna zuwa Yusuf Maitama Sule a 2017, daga baya kuma aka mayar mata da sunanta na asali. Baya ga waɗannan akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, da Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci ta Aminu Kano, da makarantun koyon jinya da ungozoma da kiwon lafiya, da cibiyar Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa ga wanda yake son haɗa karatu da sana'a.

Jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda jama'a ke kira jami'o'in kuɗi, sun fara samun lasisi a Najeriya ne a 1999, kuma Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, wadda aka kafa a 2005, tana cikin na farko a wannan yanki. A Kano, Jami'ar Skyline ce ta fara a 2018, sannan a 2021 aka ba da lasisi ga Jami'ar Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila da Capital City, a 2022 kuma ga Jami'ar Khalifa Isyaku Rabi'u da ta Baba-Ahmed. Duk da cewa jami'o'in kuɗi sun zarce na gwamnati yawa a faɗin ƙasar, ɗaliban da suke ɗauka ƙalilan ne idan aka kwatanta da na jami'o'in gwamnati, kuma babban dalilin haka shi ne tsada.

A nan akwai wani bambanci tsakanin Najeriya da ƙasa irin Amurka wanda ya kamata a fahimta. A can, jami'o'in da suka fi suna galibi su ne suka fi tsada, kuma bashin karatun da ke kan Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. A Kano kuwa, jami'ar da ta fi tsufa da suna tana cikin waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, domin a hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai na rajista da hidimomi. Farashin da ake biya a can shi ne na gasa da na lokaci. Kusan mutum miliyan biyu ne suke zana jarrabawar JAMB a shekara, kuma ko da yake ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, masu neman likitanci da lauya da haɗa magunguna da jinya sun ninka guraben da ake da su sau da yawa. Saboda haka abin da mai zuwa jami'ar kuɗi yake saya, a mafi yawan lokuta, shi ne gurbi a fannin da yake so da kuma tabbacin kammalawa a kan lokaci.

Cikakken lissafin tsada

Kuskure na farko da ake yi a lissafi shi ne tsayawa a kan shekarar farko. Digiri a fannonin fasaha da kimiyyar zamantakewa da kimiyya zalla yana ɗaukar shekara huɗu, injiniyanci da aikin gona da lauya shekara biyar, likitanci kuma shekara shida. Bayan haka mai karatun lauya zai ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda, likita kuma zai yi shekara guda ta sanin makamar aiki. Kuɗin da aka faɗa a shekarar farko ba ya tsayawa a inda yake. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, farashin komai ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. A cikin 2023 ɗin Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rajista ƙari mai yawa, abin da ya sa gwamnatin Kano ta amince da biyan naira miliyan 700 domin ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke jami'ar, ta kuma rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantunta. Idan haka ta faru a makarantun da gwamnati ke biyan albashin malamansu, to jami'ar kuɗi, wadda take biyan malamai da wutar lantarki da man janareta daga abin da iyaye suka biya, ba ta da mafita illa ta ƙara kuɗi duk lokacin da kaya suka tashi.

Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin kuɗi ita ce a gwada shi da abin da ke shigowa gida. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a wata a 2024, Jihar Kano kuma ta tsayar da 71,000, wanda ya kama naira 852,000 a shekara. Duk makarantar da kuɗinta ya kai naira miliyan ɗaya a shekara ta riga ta cinye fiye da albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci, kafin a yi maganar abinci, alhali kuɗin likitanci a jami'o'in kuɗi yakan kai miliyoyi da dama a kowace shekara. Ga ɗan kasuwa kuwa, wanda samunsa yake hawa da sauka, tambayar da ta dace ita ce ko zai iya biyan kuɗin a shekarar da kasuwa ta yi sanyi, domin biyan da aka yi daga riba daban yake da wanda aka yanko daga jari, kuma jarin da aka taɓa sau huɗu ko shida a jere da wuya ya koma yadda yake.

Kuskure na biyu shi ne mantawa da ƙananan kuɗaɗen yau da kullum. Ɗan cikin birni yana da wata gata da ɗalibin da ya zo daga nesa ba shi da ita, domin yana iya kwana a gida, ya ci abincin gida, ya hau a-daidaita-sahu ko bas zuwa makaranta. Amma ko wannan ma yana da lissafinsa. A misali, ɗalibin da yake kashe naira 1,000 a rana wajen zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, na tsawon mako talatin na karatu, zai kashe naira 150,000 a shekara a kan abin hawa kaɗai, adadin da zai iya zarce kuɗin rajistar kansa a wasu fannoni. Wanda aka tura Wudil ko Zariya ko Katsina kuwa, sai an haɗa da kuɗin ɗaki da abinci da zirga-zirgar hutu, sannan ga littattafai da kwamfuta da kuɗin intanet da kayan aikin gwaji da kuɗin binciken kammalawa, waɗanda kowane ɗalibi yake buƙata ko ina yake.

Kuskure na uku shi ne rashin sanya lokaci a cikin lissafi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, ta kuma sake yin na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, saboda saɓani da gwamnati a kan kuɗin gudanar da jami'o'i da haƙƙoƙin malamai. Ɗaliban da abin ya rutsa da su sun shafe shekara shida ko fiye a kan digirin shekara huɗu. Wannan jinkiri yana da farashi na gaske, domin wanda ya haura shekara talatin kafin ya kammala ba ya shiga shirin yi wa ƙasa hidima, wasu bankuna da kamfanoni kuma sukan ƙayyade shekarun waɗanda za su ɗauka a matakin farko, sannan kowace shekarar da aka ƙara shekara ce da gida zai ci gaba da ɗaukar nauyin wanda ya kamata ya fara tallafa masa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu zaɓen jami'ar kuɗi, kuma hujja ce ta gaskiya, matuƙar dai gidan zai iya biya har ƙarshe, saboda ɗalibin da aka cire a aji uku don an kasa biya ya yi asarar kuɗin da lokacin gaba ɗaya, tun da komawa wata jami'a a tsakiyar karatu abu ne mai wahala.

Yadda ake tantance suna

Matakin farko na gane ko suna yana da tushe shi ne tantancewar hukuma. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, tana tura ƙwararru su duba kowane fanni daban, su ga yawan malamai da matakin karatunsu, da manhaja, da ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗakin karatu, sannan ta ba fannin ɗaya daga cikin matsayi uku: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko amincewar wucin gadi ta shekara biyu, ko kuma ƙin amincewa, wanda yake tilasta dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Ma'anar haka ita ce, lasisin da jami'a take da shi bai wadatar ba, domin jami'a mai lasisi tana iya gudanar da fannin da bai samu amincewa ba. A fannonin sana'a akwai tantancewa ta biyu: majalisar likitoci da likitocin haƙori, wato MDCN, tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, haka ma majalisar ilimin shari'a ga lauyoyi, da majalisar injiniyoyi, da ta jinya da ungozoma, da ta masu haɗa magunguna. Makarantar da ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka yanka mata takan bar wasu suna jiran layi bayan sun kammala. Haka nan duk gurbin da aka bayar ba ta tsarin JAMB ba yana iya hana ɗalibi zuwa hidimar ƙasa. Waɗannan bayanai a buɗe suke ga kowa, kuma uba yana da haƙƙin ya nemi ganinsu kafin ya biya ko sisi.

Mataki na biyu shi ne duban sashen da kansa. Ziyara ɗaya zuwa harabar makaranta da hira da ɗaliban aji uku ko huɗu sukan bayyana abin da talla ba za ta faɗa ba: ko malamai na dindindin ne ko kuwa masu zuwa daga wata jami'a sau ɗaya a mako, ko ɗalibai nawa ne a aji, ko ana taɓa kayan gwaji da hannu, ko sakamakon jarrabawa yana fita a kan kari, da kuma inda waɗanda suka kammala suke a yanzu. Jerin martabar jami'o'in duniya, irin wanda mujallar Times Higher Education take fitarwa, wanda Jami'ar Bayero ta shiga cikinsa a shekarun baya-bayan nan, yana da amfaninsa, amma ya fi ba da nauyi ga bincike da wallafe-wallafen malamai, kuma yana auna jami'a ne gaba ɗayanta, saboda haka bai isa ya gaya wa uba halin da ajin ɗansa zai kasance ba.

Akwai binciken da ya taɓa wannan batu kai tsaye. A 2002 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, sun kwatanta ɗaliban da suka samu gurbi a makarantu masu matsayi iri ɗaya, inda wasu suka tafi waɗanda suka fi suna, wasu kuma suka zaɓi waɗanda ba su kai su ba, sai suka tarar cewa abin da ɓangarorin biyu suke samu bayan shekaru kusan ɗaya ne, in ban da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka fi cin moriyar babbar makaranta. Yanayin Najeriya daban yake da na Amurka, amma darasin yana da amfani ta fuska biyu. Na farko, ƙwazon yaro da himmarsa suna bin sa duk inda ya je. Na biyu, abin da babbar makaranta take ƙara wa ɗan talaka shi ne sanayya da abokan karatu da malaman da za su nuna masa hanya, abubuwan da ɗan gata ya riga ya gada a gida, wanda hakan yake nuna cewa ga yaro mai ƙoƙari daga gida mai ƙaramin ƙarfi, dagewa a kan samun makin shiga babbar jami'ar gwamnati abu ne da ya cancanci wahala.

Matsala mafi tsauri takan taso ne idan babbar jami'a ta ba yaro fannin da bai nema ba, misali mai son likitanci a tura shi nazarin halittu, alhali wata makaranta da ba ta kai ta suna ba za ta ba shi abin da yake so. A fannonin da ake shiga da lasisi, irin su jinya da aikin gwaje-gwajen asibiti da haɗa magunguna, lasisin majalisar sana'a iri ɗaya ne ga kowa, saboda haka fannin ya fi sunan makaranta nauyi. A fannonin da ba su da lasisi kuwa, inda mai ɗaukar aiki yake duban darajar digiri da abin da mutum ya iya, ingancin sashe da sanayyar da ake samu suna da tasiri mai yawa, kuma a nan tsohuwar jami'a takan fi rinjaye.

Karatu a ƙasashen waje

Kanawa sun daɗe suna tura 'ya'yansu Sudan da Masar da Saudiyya, daga baya kuma Indiya da Malesiya da Uganda da Jamhuriyar Nijar da Benin, wani lokaci da kuɗinsu, wani lokaci ta tallafin gwamnatin jiha, kamar shirin ɗalibai 501 na 2012 da na 1,001 da aka farfaɗo da shi a 2023 ga masu digiri na biyu. Karatun waje yana da kwarjini a idon jama'a, amma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna haɗarinsa. Dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, wanda ya sa kuɗin makarantar da ake biya da dala ya ninka sau uku a hannun uban da samunsa da naira ne. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tilasta kwaso ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, suna tsakiyar karatu, kamar yadda ya faru a Yukren a 2022. A ƙarshen 2023 kuma jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken da wakilinta ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon Janairun 2024, lamarin da ya jefa har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya cikin zargi. Likitan da ya yi karatu a waje kuwa sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya samu lasisi, kuma a wadda aka gudanar a Asibitin Malam Aminu Kano a ƙarshen 2023 fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su haye ba. Duk mai niyyar tura ɗa waje ya kamata ya fara tabbatar da cewa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da majalisar sana'ar sun amince da makarantar.

Bashi, tallafi da haƙƙin sauran gida

Tun watan Mayu 2024 asusun ba da rancen karatu na ƙasa, wato NELFUND, ya fara karɓar buƙatu daga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Asusun yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, yana ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata na ɗawainiya, babu kuɗin ruwa a kan rancen, kuma biyansa yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi goma cikin ɗari na abin da mutum yake samu. Rashin kuɗin ruwa ya kawar da babban abin da ke hana Musulmi karɓar rance, sai dai bashi ne wanda za a biya, kuma bai shafi jami'o'in kuɗi ba. Akwai kuma tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha da ta tarayya da na wasu kamfanoni da attajirai, waɗanda ya kamata a neme su da himma, amma a ɗauke su a matsayin ƙari, domin kuɗin da bai shigo hannu ba ba a gina lissafin shekara huɗu a kansa.

A gidan Bahaushe lissafin ɗa ɗaya ba ya tsayawa shi kaɗai. Uban da ya sayar da fili ko gona ko rabonsa na gidan gado domin ya kai babban ɗansa makaranta mai tsada ya kafa misalin da ƙannen za su sa ran a yi musu, kuma a gidan da yake da ɗaki fiye da ɗaya, abin da aka kashe wa ɗan wannan ɗaki yana rubuce a zuciyar wancan. Addini ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya, kuma ko da yake malamai sun bambanta kyauta da ciyarwa gwargwadon buƙata, ta yadda mai karatun likitanci zai iya cin kuɗi fiye da mai karatun tarihi ba tare da an zalunci kowa ba, hikima ita ce a zauna a yi bayanin dalili a fili, a kuma tabbatar an bar wa na baya abin da za su yi nasu karatun. 'Ya'ya mata suna da cikakken haƙƙi a wannan lissafi, musamman ganin yadda asibitoci da makarantun Arewa suke da ƙishirwar likitoci da ma'aikatan jinya da malamai mata. Tun da aure yakan zo wa da yawansu a tsakiyar karatu, makarantar da ke cikin gari, wadda mace za ta iya ci gaba da zuwa daga gidan iyaye ko na miji, tana da wata daraja da ya kamata a sanya a ma'auni, haka ma tattauna batun ci gaban karatun da dangin miji tun kafin ɗaurin aure.

Tsarin yanke shawara

Idan aka tattara duk waɗannan, shawarar tana da tsari wanda bin sa daki-daki yake rage kuskure. Ana farawa da yaron, a san fannin da yake da sha'awa da ƙwazo a kai, domin digirin da aka tilasta shi ne mafi tsada ko da kyauta aka yi shi. Daga nan a tantance makarantun da fannin yake da cikakkiyar amincewa a cikinsu, a ziyarce su, a ji daga bakin ɗalibansu. Sannan a lissafa kuɗin dukkan shekarun, haɗe da abin hawa da abinci da masauki, a ƙara wani kaso saboda tashin farashi, a gwada jimillar da samun gida a shekara mai wuya, tare da tuna ƙannen da ke tafe. Sai bayan an tace da waɗannan ne suna yake shigowa, domin ya raba gardama tsakanin makarantun da suka tsallake. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma babu ƙasƙanci ga gidan da ya zaɓi jami'ar jiha ko kwalejin ilimi ko makarantar jinya saboda ita ce zai iya ɗauka har ƙarshe.

Su ma makarantu da hukumomi suna da nasu nauyin. Ya kamata kowace jami'a ta bayyana wa iyaye cikakken kuɗinta da matsayin tantancewar kowane fanni da adadin da aka yanka mata, cikin harshen da za su fahimta, ta rediyo da sauran kafofin da Kanawa suke saurare, gwamnati kuma ta magance musabbabin yajin aiki, domin shi ne yake tura iyaye da yawa ga biyan kuɗin da ya fi ƙarfinsu. Kafin hakan ta tabbata, kariyar da uba da uwa suke da ita ita ce tambaya da bincike da lissafi na gaskiya, sannan su ci gaba da bibiyar karatun ɗansu bayan ya shiga, domin halartar aji da zaman ɗakin karatu da kyawun abokai su ne suke mayar da kuɗin da aka biya ya zama ilimi a kowace makaranta.